Neman shawara: madubin saitin bindiga da farautar manyan namun daji

Mai tambaya, daga Aboabo a Kumasi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a Suame Magazine, kuma farauta gado ce a gidanmu, domin har yanzu bindigar mahaifina mai baki ɗaya tana hannuna da lasisinta, ina fita da ita wajajen Ejura idan an buɗe daji. Wani abokin cinikina ya gayyace ni farauta Namibiya, sai ga wani ya kawo mini madubin saiti mai sunan babban kamfani, an rubuta 6-24x50 a jikinsa, a farashin da bai kai kuɗin batirin mota ba. Shin in saya? Kuma babu inda zan harbi ɓauna ko gwanki a nan kusa bisa doka, in huta da doguwar tafiya?

Amsar wani dattijon maharbi, daga Ejura:

Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar kusa ka cire ta daga ranka. Mole da Digya gandun gwamnati ne, ba a harbi a cikinsu, giwa kuwa doka ta kare ta ko'ina a Gana. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba ma daji a rufe yake, in ban da gyazbi, wanda Asantawa ke kira akrantie, shi ma sai da takardar hukumar namun daji. A da, masu hali kan tafi Nazinga ko yankin Pama a Burkina Faso, amma rashin tsaro ya sa ba zan tura ɗan kowa can ba. Madubin kuma ba shi da aiki a kan bindigar babanka, tunda harsashinta watsuwa yake yi.

Amsar wani da ya yi farauta a Afirka ta Kudu, daga Nima a Akara:

Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Manyan kamfanonin madubi irin su Leupold ta Amurka da Zeiss ta Jamus da Swarovski ta Ostiriya duk ana buga jabunsu, kuma ni kaina an taɓa cuta ta. Na sayi irin wannan a wani shago, na saita shi a mita 100, harbi uku suka faɗa wuri guda har ina murna. Bayan bindigar ta yi shuri sau goma sha, sai harsashi ya riƙa sauka kusan taƙi guda daga inda giciyen ciki ya nuna, washegari da asuba kuma gilashin ya yi gumi ta ciki, ina kallon daji kamar ta cikin hazon hunturu. Na ƙwarai ana cika shi da iskar naitirojin a toshe shi don kada raɓa ta shiga, kuma babban ingancinsa shi ne riƙe saiti.

Lambobin ma ba su dace da bukatarka ba. 6-24 na nufin yana kusanto da abu ninki 6 zuwa 24, 50 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Idan ka raba 50 da 24, hasken da ke isa idonka milimita 2 ne da ɗoriya, wato da almuru, lokacin da dabbobi ke fitowa, duhu za ka gani. Ga barewa da dangin gwanki, 3-9x40 ya wadatar. Ɓauna kuwa a kusa ake harbinta, sau da yawa a cikin sarƙaƙiya, saboda haka 1-6x24 ake so, domin idan ta taso maka madubinka yana kan ninki 24, gashi kawai za ka gani. Ka kuma lura da tazarar ido, wato nisan da ke tsakanin idonka da madubin: bindiga mai lamba .375, wadda ƙasashe irin su Tanzaniya suka sa a matsayin mafi ƙanƙanta ga ɓauna, tana bukatar kamar santimita 9, in ba haka ba bakin madubin ya fasa maka gira.

Amsar wata Hajiya mai harkar tafiye-tafiye, daga Asawase:

Malam, kada ka ɗora wa kanka takardun fita da makami. Yawancin gandayen farauta a Namibiya suna ba da hayar bindiga da madubinta a saice, kuma dole ne ka fita tare da ƙwararren jagora mai lasisi. Ka nemi su rubuto maka kuɗin kwana daban, kuɗin kowace dabba daban, ka kuma sani wadda ka raunata ta gudu za ka biya kuɗinta cikakke.

Dattijon Ejura ya ƙara da cewa:

Kada zumuɗi ya sa ka manta da bisimilla kafin ka ja kunama, ka kuma tafi da wuƙarka, in ka same ta da sauran rai ka yanka.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na mayar wa mutumin kayansa ɗazu bayan la'asar, ya rage farashin har sau biyu ina tafiya. Hajiya, gobe zan turo miki takardar gayyatar ki duba mini ko hayar bindiga na ciki.