FJR1300 ko R1200RT, wanne ya fi daɗin doguwar tafiya?

Salam 'yan uwa. Na rasa babur ɗin da zan saya tsakanin Yamaha FJR1300 da BMW R1200RT, duka na hannu, don zirga-zirgar Kano zuwa Abuja da uwargida a baya.

Na ɗana kowanne a cikin gari. FJR mai silinda huɗu ne, tafiyarsa sumul, amma zamansa sai an ɗan sunkuya, ni kuma ina fama da wuyan hannu. Na sauke kujerar, tsamin bai ragu ba. RT kuwa zama a miƙe, gabansa ba ya nutsewa in na matse birki, sai dai ba na jin riƙon tayar gaba a kwana, har gabana ya faɗi.

Wanda ya yi nisa da goyo a kan duka biyun, wanne ya fi shanye gargada bai gajiyar da hannu ba?