Don Allah a taimaka min in iya karanta kundin tagwayen taurari

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na sayi madubin hangen nesa mai faɗin milimita 80, irin mai gilashi a gaba, da ɗan madubin nan na baya da ke karya haske don kada wuya ya yi ciwo. Na kalli wata da Mushtari da Zuhal har na ƙoshi, sai hankalina ya koma kan tagwayen taurari. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ba ni tsohon jeri da aka buga da tafireta, shafi shida, kuma tun daga layin farko na rikice.

Na fara da tagwayen da ake kira Albireo. Takardar ta ce yana 19 28.7 +27 51, manhajar wayata kuma ta ce 19 30.7 +27 58. Wanne ne kuskure? Sannan tauraro ɗaya ne amma na ga an kira shi β Cyg, da 6 Cyg, da STFA 43, da HD 183912, da HIP 95947. A ƙarƙashin PA an rubuta 54, na ɗauka abokin nasa zai faɗo arewa maso gabas, amma da na zana sai ya fito min a ɗaya hannun. Akwai kuma K3II da B8Ve da ban san ma'anarsu ba, da wasu haruffa N da O a gefen wasu layuka. Abin da ya fi damuna shi ne wasu tagwayen da ake kira Porrima: takardar ta ce tazararsu ta haura 5, amma ni da ƙyar nake ganin duhu tsakaninsu. Madubina ne ya lalace ko idona? Ina so in fara ajiye littafin abin da nake gani, ban so in cika shi da kuskure.

Mai Tagwaye:

Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, madubinka lafiyarsa ƙalau, idonka ma haka. Kafin ka karanta kowace lamba a irin wannan jeri, ka nemi shekararta tukuna.

Lambobin wuri guda biyun nan duk daidai ne. Na takardar an auna su ne da ma'aunin shekarar 1950, na manhajar kuma da na 2000. Sandar da duniya ke juyawa a kanta tana karkata a hankali kamar katantanwa idan ta fara gajiya, zagaye ɗaya kusan shekara 26,000, don haka layukan da muke auna sama da su suna zamewa da kimanin sakan 50 na kusurwa kowace shekara (sakan 3,600 ne digiri ɗaya). A shekara hamsin abin na iya wuce faɗin cikakken wata. Albireo mai haske ne, ba zai ɓace maka ba, amma dusasshen tauraro mai lambar haske 8 zai iya fita daga da'irar da kake gani gaba ɗaya. Duba saman takardar ko ƙasanta, za ka iya samun 1950.0 ko B1950 a rubuce. Na yanzu J2000 ake sa musu.

Maganar Porrima ita ce ta fi min daɗi, domin ka ga motsin sama da idonka ba ka sani ba. Taurarin nan biyu suna kewaya juna cikin shekara kusan 169. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce tazararsu ta haura sakan 5, kamar yadda takardarka ta faɗa. A 2005 suka matso da juna har tazarar ta gaza rabin sakan, ƙananan madubai suka daina raba su sam. Ni a lokacin na yi shekaru ina ganinsa tauraro ɗaya, daga baya ya koma kamar ƙwai, sai wani dare na ga siririn baƙin zare ya ratsa tsakiya. Yanzu tazarar ta haura sakan 3 kuma tana ƙara buɗewa. Madubin milimita 80 iyakarsa kusan sakan 1.5 ne, ka raba 116 da faɗin gilashin a milimita za ka samu, wannan shi ne lissafin Dawes. Saboda haka duhun da kake gani da ƙyar shi ne daidai abin da ya kamata ka gani. Ka ƙara girman hoton zuwa ninki 120 ko sama, a daren da iska ta kwanta.

Harafin O da ka gani a gefe, a WDS, wato kundin tagwayen taurari na Washington, yana nufin an lissafa hanyar kewayawar tagwayen. Duk inda ka gan shi, kada ka yarda da tsohuwar tazara. N kuma yana nufin akwai ƙarin bayani a wani fayil daban. Idan ka ci karo da X, ana shakkar ko tagwayen ma suna nan.

Malamar Lissafi:

Bari in ɗauki PA, don ni ma ta taɓa ba ni wahala. Kusurwa ce da ake ƙirgawa daga arewa a bi ta gabas: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270, babban tauraron yana tsakiya. Ka fahimce ta daidai, 54 arewa maso gabas ne. Matsalar daga ɗan madubin nan na baya take, yana juya hoto dama ta koma hagu. Ba tare da shi ba ƙirgar tana tafiya saɓanin hannun agogo, da shi kuma tana bin hannun agogo.

Kada ka yi ta hasashen ina ne arewa. Ka sa tauraron a tsakiya ka sake madubin, kada ka taɓa komai. Inda ya sulale ya fita, nan ne yamma. Ka sa alama a gefen zanenka nan take kafin ka zana abokin. Sai ka ɗan tura bakin madubin wajen tauraron arewa, gefen da sababbin taurari ke shigowa shi ne arewa. Ka gwada da Mizar, tazararsa kusan sakan 14 ne kuma kusurwarsa ta ɗan haura 150, ba ya sauyawa da sauri, zai nuna maka ko ka gane.

Mai Gadin Dare:

Ni shawarata gajeriya ce Malam. Ka manta da duk sunayen nan ka riƙe lambar HIP kawai. Ita kusan kowace manhaja ke ganewa, kuma awon tauraron ɗan'adam na Hipparcos ne, kundin ya fito a 1997 da taurari sama da 118,000. Sauran tarihi ne.

Mai Tagwaye:

A nan ban yarda da kai ba Yaya. HIP tauraro take nunawa, ba ta faɗin waɗanne biyu ake nufi. Ɗauki ε Lyr kusa da Vega. A madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, taurari biyu ne, a madubin ƙanenmu kowanne zai sake rabuwa gida biyu da tazarar sakan 2 da 'yan kai. STF 2382 AB ɗaya ne, STF 2383 CD ɗaya ne, kowane harafi daga A zuwa D tauraro guda yake nufi. Idan ya rubuta HIP kaɗai, bayan shekara ba zai san wanne ya raba ba.

Kuma haruffan nan sunayen waɗanda suka gano tagwayen ne. STF shi ne Wilhelm Struve, wanda ya fitar da babban jerinsa a Dorpat a 1827, STFA kuma ƙarin da aka liƙa wa jerin nasa. STT ɗansa ne Otto, BU Burnham ne, HJ kuma John Herschel. Wannan yana da amfani a aikace: yawancin na STF ƙaramin madubi yana iya su, da yawa daga na BU kuwa matsattsu ne ko abokin ya dushe ƙwarai. Ina ganin BU a layi sai in duba tazara da haske sau biyu kafin in ɓata dare a kansa. Lambar WDS ita ma ba a ka aka yanko ta ba, wurin tauraron ne a ma'aunin 2000. Ta Albireo 19307+2758 ce, kwatanta ta da abin da manhajarka ta ba ka.

Dattijon Rufi:

Ɗana, barka da shigowa. Sunayen sun yi yawa ne saboda kowane zamani ya ƙirga sama da kayan aikinsa, kuma ba wanda ya goge na magabacinsa. Harafin Girkanci daga taswirar Bayer ta 1603 yake. Lamba irin 6 Cyg ta Flamsteed ce, tana bin jerin taurarin rukunin daga yamma zuwa gabas, ba ruwanta da haske. HD kundin Henry Draper ne na Harvard, ya fito tsakanin 1918 da 1924 da taurari 225,300, kuma Annie Jump Cannon ce ta zauna ta rarraba haskensu ɗaya bayan ɗaya a kan farantan gilashi.

Daga aikinta haruffan da suka dame ka suka fito. O, B, A, F, G, K, M, daga mafi zafi zuwa mafi sanyi, kowane harafi an raba shi 0 zuwa 9. Ranarmu G2 ce, zafin fuskarta kusan digiri 5,800 a ma'aunin Kelvin. Lambar Romawa ta ƙarshe an ƙaro ta a 1943 daga aikin Morgan da Keenan: V tauraro ne da ke tsakiyar rayuwarsa kamar rana, III ƙato, II ƙato mai tsananin haske, I kuma gagarumi irin Betelgeuse. To K3II ƙaton tauraro ne da bai kai rana zafi ba, shi ne mai ruwan zinariyan nan. B8V ya ninka rana zafi, shi ne shuɗin. Ƙaramin e ɗin yana nufin akwai layuka masu haske a bakan haskensa, daga iskar gas da ke kewaye da shi. Wannan ba za ka gan shi da ido ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka karanta waɗannan haruffa kafin ka duba. Ka kalla tukuna, ka rubuta launin da idonka ya gani da kalmominka, sannan ka buɗe kundin. Idan ka riga ka san K ne, idonka zai ba ka ruwan lemo ko da babu. Ina da shafin da na rubuta abokin wani tauraro kore ne, kundi bai san koren tauraro ba, launin babban ne ya yaudari idona. Ban goge ba, don abin da na gani ke nan a daren.

Malamar Lissafi:

Gaskiya ne Baba. Tun da littafi zai buɗe, in ƙara alamomi biyu da zai ci karo da su. Ɗigo biyu bayan lamba, kamar 7.4:, yana nufin mai awon bai tabbata ba. Kai ma ka riƙa sa shi a naka. Kuma idan wata rana ka koma kan taurari masu sauya haske, taswirorin ƙungiyar AAVSO ba sa sa ɗigo a lambar haske: 92 yana nufin 9.2, don kada a ɗauki ɗigon a matsayin tauraro. Ka tuna kuma lamba in ta ƙaru haske raguwa yake, mataki biyar ninki ɗari ne. Shi ya sa tagwaye masu haske 3 da 9 suka fi masu 6 da 6 wuyar rabawa ko da tazararsu ɗaya.

Sabon Shiga:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malama da yayyena. Na duba ƙasan shafin ƙarshe, ga 1950.0 nan ƙarami a kusurwa, ban taɓa lura da shi ba. Jiya na saki Mizar ya sulale, na sa alamar yamma, abokin ya faɗo kudu maso gabas yadda ya kamata. Na ja layuka a littafin: kwanan wata, lambar WDS, sunan mai ganowa da haruffan AB, girman da na yi amfani da shi, zane, launi, sai shekarar awon da na kwatanta da shi. Porrima na bar masa shafi guda shi kaɗai, zan riƙa zana shi duk shekara. Tambaya ɗaya ta rage: a wasu layukan na ga AB-C ko AB,C. Shin tazarar daga A ake auna ta zuwa C, ko daga ina?

Mai Tagwaye:

Daga tsakiyar A da B ake aunawa, an ɗauke su tamkar tauraro ɗaya saboda sun matse da yawa. A madubinka yawanci ɗigo ɗaya za ka gansu, don haka ka auna daga wannan ɗigon zuwa C, ka rubuta a gefe cewa AB bai rabu ba.