In sayar da filina na Rigachikun in shiga takarar majalisar jiha? Ku ba ni shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 8 ke nan ina shugabar mata ta mazaɓarmu. Ni ke tara mata, ni ke raba anko, ni ke tsayawa a rumfar zaɓe tun asuba har a gama ƙirga. Yanzu dattawan unguwa sun tako har gida sun ce in fito takarar majalisar jiha. Maigidana ya amince, shi ma ya fara kawo maganar, don haka ba nan gizo ke saƙa ba. Abu biyu ne ke hana ni barci. Na farko kuɗi: abin da na mallaka fili ne a Rigachikun da na saya da kuɗin adashe, an taya miliyan 4 da rabi. Na biyu, ni haifaffiyar Zariya ce, aure ya kawo ni Kaduna shekara 22 da suka wuce. Wadda ta taɓa yi, ko ta ga an yi a gabanta, ta gaya min gaskiya: in sayar in shiga, ko in haƙura in nemi shugabar mata ta ƙaramar hukuma?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Hajiya ki fara neman izinin mijinki tukunna, shi ne gaba da komai. Ki kuma yi istihara.

Ummi Badarawa: Malam ka karanta kuwa? Ta ce shi ya kawo maganar. Istihara dai mun yarda.

Sadiq Kawo: Anti kada ki sayar da komai, ai fom kyauta ne ga mata a duk manyan jam'iyyu.

Ummi Badarawa: Wane kyauta? A 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC miliyan 2 ne, mace an yafe mata na tsayawa takara amma sai ta biya na nuna sha'awa, dubu 500. PDP nasu gaba ɗaya dubu 600 ne. Kyautar ke nan da ake ta buga mana ganga a rediyo.

Mai Shayin Kakuri: Ƙanwar matata ta yi, dubu 200 kacal ta kashe har ta karɓi fom.

Ummi Badarawa: A wace jam'iyya? In irin wadda ofishinta shago ɗaya ne da janareto, ko kyauta aka ba ta an cuce ta.

Tsohuwar 'Yar Takara: Maman Hanif, ƙanwata, zauna ki ji. Ku bar musu a kan fom, fom shi ne mafi arha a duk abin da za ki saya. Ni na yi a 2022, ba zan faɗi jam'iyya ba, waɗanda suka sani sun sani. Bayan fom sai kuɗin sakatariya, sai bashin katin jam'iyya da ba ki san ana bin ki ba, sai takardar haraji, sai gaisuwar ciyaman na kowace mazaɓa, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Na sayar da gwal ɗina na aure da motata. Daliget ɗinmu, masu jefa ƙuri'ar fid da gwani, ba su kai 40 ba. Na bi su gida gida, kowa dubu 30 da shadda ko turmin atamfa, wasu har da dafa Alƙur'ani ba tare da na nema ba.

Taron da ake yanke komai kuwa ba da rana ake yi ba. Sai ƙarfe 1 na dare a kira ki a ce ana ganawa a otal kaza. In kin je, gobe a ce an gan ki a otal da tsakar dare. In ba ki je ba, a ce ai an yi masalaha ba kya nan. Sau biyu maigidana yana kai ni yana zaune a mota yana korar sauro har asuba, duk da haka sai da aka bi fastocina a bakin titi aka rubuta kalmar da ba zan maimaita ba a kan goshina. 'Yata tana aji 5 a sakandare lokacin, a hanyar makaranta ta gani.

Ana gobe zaɓen fid da gwani abokin takarata ya kwashe daliget duka ya kai su masauki, aka karɓe wayoyinsu. Da safe a bas ɗaya aka kawo su, ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Ƙuri'a 2 na samu. Biyu! Cikin matan da ke ciki akwai wadda ni na biya mata kuɗin asibiti da za ta haihu. Bayan kwana 3 ta zo gidana da atamfar a leda, ko ɗinkawa ba ta yi ba, ta ajiye a bakin ƙofa ta ce “Hajiya ki yafe min, kuɗin haya ne ya ci ƙarfina.” Wallahi ban iya ce mata komai ba. Daga baya aka lallashe ni da cewa in an ci za a ba ni mai ba da shawara. An ci. Har yau takardar tana hanya.

Kada ki sayar da filin nan. Kuma ki tambayi dattawan da suka zo gidanki nawa kowannensu zai ajiye. Wani lokaci turo su ake yi don ki raba wa wani ƙuri'a.

Maman Hanif: Innalillahi. Yaya Allah ya mayar miki da alheri. Gaba ɗaya nawa ya tafi?

Tsohuwar 'Yar Takara: Na daina lissafi a miliyan 9. Da kuɗin wancan lokacin fa, kafin a cire tallafin mai.

Ɗan Jagaliya Mai Ritaya: Hajiya da girmanki, amma ba don ke mace ce kika faɗi ba. Ba ki da ubangida ne. Maza nawa suka kashe fiye da haka suka tashi da ƙuri'a 0? Na ga wanda ya bi daliget gida gida yana karɓar kuɗinsa da 'yan sanda. Ni da miliyan 3 na ga an ci tikiti, don mai gidan sama ya ɗaga waya sau ɗaya.

Tsohuwar 'Yar Takara: To namijin da ya faɗi an rubuta masa abin da aka rubuta min? Kuma mace in ta yi ubangida me kuke kiranta? Kai ka fi kowa sani, ku ake ba fenti.

Mai Shayin Kakuri: Ni dai tambayata, in Hajiya ta ci, maigida zai koma “Mijin Honarabul” ke nan? A ba shi ofis da mota, ya ƙaddamar da shirin tallafa wa magidanta marasa galihu. Ni ne na farko a layi.

Malama Rabi: Ku yi dariya amma lissafin ba abin dariya ba ne. Sanatoci 109, mata 4 suka shiga wannan majalisa ta 10. Majalisar wakilai kujera 360, mata ba su kai 20 ba. Nan Gidan Lugard, majalisar jiharmu, kujera 34 ce, matan ciki ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudirori 5 na mata, har mata suka tare ƙofar majalisa kwana da kwanaki. Wata guda bayan nan Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a cika wa mata kashi 35 na muƙamai, kun ga an cika? Shi ya sa aka kawo ƙudirin kujeru na musamman: ƙarin kujerar sanata da ta wakilai ga mace a kowace jiha, da 3 a majalisar jiha. In kowa ta ji labarin Hajiya ta koma ɗaki, wa zai zauna a kansu? Maman Hanif ki fito.

Tsohuwar 'Yar Takara: Malama, kin taɓa sayen fom ko na kansila? Taron bita a otal da ruwan roba da alawus daban, filin daga daban. Filin wata kike cewa a sayar.

Malama Rabi: Ba sai na faɗa rijiya zan san tana da zurfi ba. Kuma faɗuwarki ba ita ce ƙarshen tarihi ba. Nenadi Usman ta ci sanatan Kaduna ta Kudu a 2011. Dakta Hadiza Balarabe tun 2019 take mataimakiyar gwamna. Aishatu Binani a Adamawa ta kayar da maza a fid da gwanin takarar gwamna, har da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Bindow.

Ɗan Jagaliya Mai Ritaya: Nenadi sai da ta yi ministar kuɗi tukunna. Dakta Hadiza ɗauko ta aka yi a matsayin abokiyar takara, ba ta bi layin daliget ba. Binani kuwa ki tambayi nauyin aljihunta. Wacce cikinsu ta fara da filin Rigachikun?

Baba Na Zariya: 'Ya'yana, ni na ga Hajiya Gambo Sawaba da idona a Sabon Gari. Sau 16 ana ɗaure ta a zamanin NEPU, a lokacin da macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ikon jefawa, sai a 1976 aka fara bari. Ba ta da gwal ba ta da fili. Yau ga asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan. Amma 'yata, maganar Zariya da kika kawo, ki shirya mata. Ranar da kika yi ƙarfi za a ce ki koma garinku, in kin koma can a ce ai ke matar Kaduna ce.

Maman Hanif: Na gode Baba, kai kaɗai ka taɓo wannan. To takardar zama ɗan ƙasa ta ƙaramar hukumar mijina za ta wadatar, ko kuwa?

Zee Rigasa: Ku dakata. Anti Maman Hanif ki yi haƙuri, amma ku shugabannin mata ku ne kuka fi cutar mu. Lokacin kamfen na 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, aka kwashe mu a bas zuwa Dandalin Murtala tun 9 na safe. Rana ta dake mu har la'asar, ga goyo, muna ta guɗa. An ce dubu 3 ne kowa. Da aka tashi, shugabar matanmu ta miƙo dubu 1 da rabin turmi, wai mu raba mu biyu. Bas ɗin ma ya tafi ya bar mu, da kuɗin na hau Keke zuwa gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ummi Badarawa: Ku har dubu 1 kuka samu? Mu taliya 2 da sabulu.

Sadiq Kawo: A wajenmu dubu 5 aka ba mata, na gani da idona.

Zee Rigasa: To wata ta ci dubu 4 ɗina ke nan, Allah ya isa.

Maman Hanif: Zee, ban san taku ba, amma ni in an ce in kawo mata 100, kuɗin 40 ke isowa hannuna, sauran sun maƙale tun daga sama. Sau nawa ina cikawa daga kuɗin cefane don kada a zage ni a gidan suna. Shinkafar tallafi ma buhu 6 aka aiko wa mazaɓa guda, da gwangwanin madara muka raba.

Zee Rigasa: Mu ko gwangwanin ba mu gani ba. An dai karɓi lambar NIN ɗinmu sau 3.

Mai Shayin Kakuri: Hajiya filin nan yana da takardar KADGIS, hukumar filaye ta jiha? Ta wane gefen titi yake? Ina da mai so, amma miliyan 4 zai iya.

Maman Hanif: Ba talla na zo yi ba Malam. Mai tayin ya ba ni zuwa Juma'a. Yaya Tsohuwar 'Yar Takara, na turo miki saƙo ta akwati, don Allah ki duba.

Ummi Badarawa: Zee, wane wata aka karɓi NIN ɗin naku? Don mu ma an zo mana da wata takarda bayan Sallah.