Ina iyakar maganin gargajiya ga Kirista?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ina neman shawara, don abin nan ya hana ni barci.

Ina zaune a Agege tare da maigidana. Wata huɗu ke nan yana fama da basir, mun je asibiti, sauƙin kaɗan ne. Sai surukata ta aiko da ƙullin saiwoyi da sassaƙe daga gida.

Ni ban ɗauki ganye haram ba. Da ganyen darbejiya aka yi mana sirace muna yara, zogale kuwa har gobe ina dafawa. A Ishaya 38:21, curin ɓaure aka ɗora wa sarki Hezekiya a kan maruru, ya warke. Ezekiyel 47:12 ma ya ambaci ganyaye don warkarwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sharaɗin mai maganin. Wai a jiƙa a sabuwar tukunya, a sha da asuba ana fuskantar gabas, kada a yi wa kowa magana kafin a haɗiye. Sabuwar tukunya na fahimta, tsabta ce. Amma gabas da shirun fa? Wa ake girmamawa da su? Maimaitawar Shari'a 18 ta hana duba da tsafi, ni kuma ban san abin da aka karanta a kan ƙullin ba.

A zumuntar mata an ce in ƙona shi. Maigida ya ce mu yi addu'a ya sha. Idan na ƙi, Mama za ta ce na raina ta.

In mun bar sharaɗin, ya sha saiwar kawai, mun tsira? Kuma da wane baki zan gaya wa Mama?