Jama'a a taimaka, me za mu kira "colony" ɗin Jamusawa a Birazil?

Mai tambaya: Salam. Shirin tarihi nake fassarawa za a ɗauka gobe da safe, kalma ɗaya ta tsayar da ni. Jamusawan da suka tafi kudancin Birazil, São Leopoldo a 1824 sai Blumenau a 1850, "colony" rubutun yake ta ce wa garuruwansu. In na ce mulkin mallaka na yi ƙarya, don gwamnatin ƙasar ce ta kira su, manoma ne aka yanka wa kowane gida fili a daji ya sare ya noma, ba irin abin da Jamus ta yi a Kamaru daga 1884 ba ne.

Ɗan Kumasi: Zango mana. Baƙi ne sun tare wuri guda sun riƙe harshensu, har yau jikokinsu na yin Jamusanci a can, sak mu nan.

Bakabiya: Yaya zango ai na fatake ne, a gefen garin wasu ake yinshi. Waɗannan noma ya kai su daji, tunga ke nan.

Malam: Tunga wa ya san ta a Kano? Ni dai na daɗe ina cewa DASHEN GARI. An ciro mutane kamar iri an dasa a wata ƙasa, ga ma'ana ga Hausa tsantsa.

Bakabiya: Allah gafarta Malam, Hausa ba a Kano kaɗai take ba fa, je ka ƙirga garuruwa masu Tunga daga Kabi har Neja.

Malam: Daidaitacciya nake nufi 'yata. Ku gwada dashen gari sau uku a iska ku ga in bai zauna ba.

Ɗan jarida: Ku dakata, dajin fa ba kango ba ne. Kabilar Xokleng na zaune a yankin Blumenau, an kore su an kashe da yawa. Don haka 'yan kama-wuri-zauna ma ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Mai tambaya: Wannan gaskiya ne kuma sai na sa shi a shirin, amma mai saurare na jin kama-wuri-zauna Falasɗinu zai tuna. Zan ce tungayen manoma Jamusawa a karon farko in yi bayani, daga nan sai tunga kawai.

Malam: To, na gobe dai. Amma Blumenau yanzu birni ne guda, ina so in ji yadda za ka kira shi tunga.