Neman kalmar Hausa: me za mu kira GPU, wato "girafik kad"?

1/ Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harhaɗa kwamfuta da masu tara kuɗin saye. Duk wanda zai haɗa kwamfutar tebur don buga gem da aikin zane ya san akwai ɓangare guda da yakan lashe kaso mafi tsoka na kuɗinsa, kuma shi ne har yau ba mu tsayar masa da suna ba. A kasuwa "girafik kad" ake cewa, wasu su taƙaita su ce "girafik", tsofaffin hannu su ce VGA, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ce "kart girafik" saboda Faransanci. A rubuce kuwa GPU, shi ne ɓangaren da ke lissafa hoton da kake gani a monita. Ni shawarata mu kira shi masaƙar hoto. Ku ara mini kunne in kawo hujja, hukunci kuma naku ne.

2/ Sunayen da aka fi kawowa su ne katin hoto, katin zane da katin bidiyo. Duk ukun ciwonsu ɗaya: kalmar kati. Kunnen Bahaushe in ya ji kati, abin da ke zuwa masa shi ne katin waya, katin zaɓe, katin gayyatar biki, abu marar kauri da ake sakawa a aljihu. To RTX 4090, girafik kad ɗin da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022, tsawonsa ya haura santimita 30, nauyinsa ya wuce kilo 2, yana cin gurbi uku a bayan akwatin kwamfuta. Ka ce wa wanda bai sani ba "katin hoto", zai ɗauka memorin kyamara kake nufi. Sannan a laptop da wayar hannu babu wani kati ko kaɗan, ɗan guntun abu ne a liƙe a jikin bod, wato babban allon da ake haɗa sassan na'urar a kansa, amma aikin nan dai yake yi. Sunan da ya dogara ga siffa ba zai kai mu ko'ina ba.

3/ Akwai masu cewa ƙwaƙwalwar hoto. Wannan ya fi na baya, sai dai mun riga mun ba furosesa sunan ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ya zauna. In muka kira su duka ƙwaƙwalwa mun rufe bambancin da mai saye ya fi buƙatar ganewa.

4/ Ga bambancin. Abin da kake gani a monita ɗige-ɗige ne na haske, kowane da launinsa. Monita mai 1920 sau 1080 tana da ɗigo 2,073,600. In gem yana tafiya yadda ake so, hoto 60 ake sauyawa a kowane sakan, wato ɗigo sama da miliyan 124 za a lissafa wa launi a cikin sakan ɗaya. In ka koma monitar 4K, ɗigon ya zama 8,294,400 a hoto ɗaya, aikin ya ninka huɗu ke nan. Lissafin kowane ɗigo ba wai yana da wuya ba ne, yawansa ne abin tsoro, kuma dole a yi su gaba ɗaya a lokaci guda.

Furosesa ba don haka aka gina ta ba. Sassan lissafinta kaɗan ne amma kowane gwani ne: Ryzen 7 7800X3D, wadda masu gem ke yabo, takwas gare ta, Ryzen 9 7950X tana da 16. GPU kuwa dubbai yake tarawa na ƙananan sassa, kowane ɗan aiki guda ya iya, amma tare suke yi. RTX 4060 yana da 3,072, RTX 4090 yana da 16,384, RTX 5090 na 2025 yana da 21,760.

5/ To wane wuri Bahaushe ya sani da ake jera ɗaruruwan injuna, kowane yana maimaita ɗan aiki guda, zare bisa zare, layi bayan layi, har zane mai launi ya fito a ɗaya gefen? Masaƙa. Duk wanda ya tashi a Kakuri ko yana da uba ko kawu da ya yi aiki a masaƙun Kaduna, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kalmar ma a kan ƙa'idar harshe take: rini ya ba mu marina, ƙira ta ba mu maƙera, jima ta ba mu majema, saƙa ta ba mu masaƙa. Wurin da ake yin aikin ke nan. Abin da ya ƙara burge ni, masu aikin su ma in suna da yawa masaƙa ake ce musu, jam'in masaƙi, karin sauti ne kawai ya bambanta. Kalma ɗaya ta ɗauko gidan ta kuma ɗauko dubban ma'aikatan da ke ciki. Ko sunan Turancin bai yi wannan ba.

6/ Wani malami ya rubuto mini cewa: "Malam, ai yanzu ba hoto kaɗai yake yi ba, da shi ake horar da ƙirƙirarriyar basira." Gaskiyarka malam, kuma wannan ma ya ƙara wa shawarar ƙarfi. Nvidia ce ta yaɗa sunan GPU a 1999 da GeForce 256, lokacin aikin hoto ne zalla. Daga 2007 da manhajar CUDA ta Nvidia ta shiga hannun jama'a aka yawaita ɗora masa lissafin da bai shafi hoto ba, har a 2012 masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da AlexNet, wata ƙirƙirarriyar basira mai gane hotuna, a kan girafik kad GTX 580 guda biyu, abin da ya buɗe ƙofar da ake tururuwa a cikinta yau. In sunan katin hoto ne, ranar da aikin ya bar hoto sunan ya mutu. Masaƙa kuwa ko ka cire "hoto" tana tsaye: wurin da ake yin ƙananan ayyuka masu yawa a tare. A zancen yau da kullum ma na fi so mu riƙa cewa masaƙa kawai.

7/ Kalma ba ta zama sai an je kasuwa da ita, don haka mu gwada ta a wurin saye. Iri biyu ne. Akwai wadda aka gina a cikin furosesa, tana aron ram ɗin kwamfuta: masaƙar ciki. Akwai wadda ake saya daban a soka a ramin PCIe na bod, da fankokinta da ram ɗinta: masaƙa mai zaman kanta, wadda 'yan kasuwa ke cewa "dedikated". Mai gem na gaske da mai aikin 3D ta biyun yake buƙata. In furosesar Intel ce kuma lambarta ta ƙare da harafin F, ba ta da masaƙar ciki, in ba ka saka mai zaman kanta ba monita ba za ta nuna komai ba.

Ga wani abu da ke yawan faruwa da sababbin masu haɗawa. Ka juya bayan akwatin: a sama akwai ramukan HDMI a tsaye, kusa da na USB, na bod ne. Can ƙasa akwai wasu a kwance, jere a kan ƙarfen da ya leƙo, su ne na masaƙa. Yaro zai kashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya soka wayar monita a na sama, gem ya riƙa sarƙewa, ya ce an cuce shi. Da Hausa magana ɗaya ce ta warware: "Ƙanena, ai wayar ba a masaƙa ka sa ta ba."

8/ Sai VRAM. Ban ga dalilin ƙirƙiro masa sabon suna ba, tunda ram ta riga ta shiga bakin kowa. Mu ce ram ɗin masaƙa, a bambanta shi da ram ɗin kwamfuta. Wannan bambancin kuɗi ne tsagwaronsa. In mai shago ya ce maka "gig takwas ce", tambaye shi na wa, na kwamfuta ko na masaƙa? Wasu ma sukan haɗa da wanda masaƙar ciki ke ara su faɗa maka jimla. Kuma sabuwa ba lallai ta fi tsohuwa a nan ba: RTX 3060 ta 2021 ta zo da gig 12, RTX 4060 ta 2023 ta zo da gig 8. A yawancin gem ta biyun ta fi sauri, amma mai gina babban fili a manhajar 3D ta Blender, in kayan aikinsa suka fi ƙarfin ram ɗin masaƙa, renda, wato fitar da hoton ƙarshe, za ta ja ƙafa ko ta tsaya cak. A irin wannan hali ni tsohuwar zan ɗauka.

9/ Ba kowane mai zane ne ke buƙatar ƙatuwar masaƙa ba, kuma wannan yana ci mini rai don ina ganin ana zuga matasa su sayi abin da ba za su mora ba. Mai yin fosta da katin biki da allon talla a CorelDRAW ko Photoshop, ko mai zanen fulan ɗin gida a AutoCAD, furosesa mai sauri da ram gig 32 da SSD mai kyau sun fi masa amfani. Matsakaiciyar masaƙa ta ishe shi. Mai tace fim a DaVinci Resolve, irin 'yan'uwanmu editocin Kannywood, da mai 3D, su ne ya kamata su zuba kuɗi a masaƙa. Su ɗin ma su duba manhajarsu kafin su zaɓi kamfani: da yawan manhajojin renda a kan CUDA aka gina su, wadda ta Nvidia ce kaɗai, duk da Blender tana aiki da masaƙun Radeon na kamfanin AMD ta hanyar manhajar HIP. Wanda gem ne kawai a gabansa, Radeon abin dubawa ce, Intel ma ta shigo da Arc tun 2022.

10/ Wuta. RTX 4060 wat 115 take ja, RTX 4090 wat 450, RTX 5090 wat 575, ban da abin da furosesa da monita ke ci. Fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, wanda kamfani ya ba da shawara ga ta farko wat 550 ne, ta biyu 850, ta uku 1000. Wanda ke kan inbata da sola ya yi wannan lissafin kafin ya biya, kada batir ya ƙare masa renda tana tsakiya. Duk wutar da ta ja kuma zafi take komawa. A watan Afrilu, ɗaki ba na'urar sanyaya iska, masaƙa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙarƙashin fankoki. Akwati mai raga a gaba da fankoki isassu ya fi mai gilashi da fitilu masu launi, kuma kada a yi rowa a fawa-fak.

11/ Gyare-gyare biyu daga masu sharhi. Wata 'yar'uwa ta ce me ya sa ba masaƙin hoto ba? Saboda masaƙi mutum ɗaya ne, Hajiya, mu kuwa yawan muke so sunan ya nuna. Wani kuma ya ce masu rubutu a waya za su bar lanƙwasar ƙ, ta koma "masaka". Haka ne, amma ƙasa da kasa ma haka suke fama kuma ba mu yar da su ba; a sa allon rubutun Hausa a waya. Kalmar mace ce: masaƙar ta yi zafi, masaƙarka gig nawa ce. Jam'i masaƙun hoto.

12/ Ga yadda saƙon oda zai kasance, a Farm Centre ta Kano ne ko a Computer Village ta Ikeja in mai shagon ɗan gida ne: "Alhaji barka da kasuwa. Kwamfutar tebur nake so a haɗa mini, ta gem da 3D. Furosesa Ryzen 7, ram ɗin kwamfuta gig 32, SSD tera 1, masaƙa mai zaman kanta ta Nvidia wadda ram ɗinta bai gaza gig 12 ba, fawa-fak wat 750. A auna mini tsawon masaƙar a tabbatar za ta shiga akwatin kafin a ɗaure." Masu shaguna da masu gyara da ke cikinmu, ku gwada ta a bakin kwastomominku na wannan makon, ku dawo nan ku faɗa mana ko sun gane ba tare da an fassara musu ba.