Wane kayan wasa ne yaro ba ya saurin gajiya da shi?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum. Kayan wasan nan da ake danna wa maɓalli su yi kiɗa da walƙiya, kwana biyu yaro ya yar da su. Me ya kamata a tanadar wa ɗan shekara 2 da ɗan shekara 5 masu wasa wuri ɗaya, wanda zai sa su ƙirƙiri wasa da kansu, su kuma motsa jiki? In ana iya haɗawa a gida, a taimaka da awo da abin kiyayewa.

Malamar_Reno:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki sayi komai, ki tambayi kanki: abu nawa yaro zai iya mayar da wannan? Motar batir mota ce kawai, ita ke yin wasan, yaro ɗan kallo ne. Kwali kuwa yau gida ne, gobe jirgi, jibi kogo. Saboda haka ki nemi guntayen katako na gini, manyan kwalaye, ƙyallaye masu kamar mita ɗaya, robobi masu shiga cikin juna, ƙwallo da yashi mai tsabta.

Kada ki zube su duka. A wani bincike na Jami'ar Toledo ta Amurka da ya fito a 2018, yara 36 'yan wata 18 zuwa 30 sun fi daɗewa kan abu ɗaya, sun kuma fi sarrafa shi ta hanyoyi daban-daban, sa'ad da aka ba su kaya 4 maimakon 16. Ki fitar da iri huɗu ko biyar, ki ɓoye sauran, ki riƙa musanyawa bayan mako ɗaya ko biyu. Kuma manya su riƙe hannunsu. Da zarar an gina wa yaro kyakkyawan gida an ce "ga yadda ake yi", zai koma kwaikwayo, in ya kasa ya yi fushi ya bari.

Kafinta_Mai_Zarto:
Malama ta yi daidai, sai dai katakon ba kowane guntu ba ne. Awon guntayen gini da malamar yara Caroline Pratt ta tsara wa ɗalibanta a New York, wanda makarantun yara ke bi har yau, shi ne kauri santimita 3.5, faɗi 7, tsawo 14. Kowanne ninkin na baya ne, shi ya sa biyu a tsaye suke daidai da ɗaya a kwance, gini ya zauna. In yanka ya kauce da milimita 2 kawai, hawa na biyar ko na shida hasumiya ta karkace, yaro ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Hajiya, ki ce a yanka miki 20 cikakku, 20 rabi masu tsawon 7, 8 dogaye masu 28, sai a raba 'yan kaɗan daga kusurwa zuwa kusurwa don rufin ɗaki. Katakon ya zama mai tauri, busasshe sarai. Ɗanye yana tsukewa ya tsage. A guji wanda aka yi wa maganin gara, da filawud mai ɓarewa, da tsohon katako mai fenti, don tsohon fenti kan ƙunshi dalma. A goge da samfefa lamba 80, sannan 120, a shafa jiƙaƙƙen tsumma gashin katakon ya tashi, in ya bushe a ƙarasa da 220. A kashe kaifin kowace kusurwa. A ganina fenti ba shi da amfani: guntu marar launi ya fi saurin zama waya ko gada, kuma ba ya santsi. In ya yi datti a goge, kada a jiƙa shi cikin ruwa.

Nas_Ta_Yara:
Haɗarin yana cikin tazarar shekarun. Abin da ya dace da babban zai iya shaƙe ƙaramin. Duk abin da ya shige bututu mai faɗin santimita 3.2 ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne. Kwalin tsakiyar takardar banɗaki ya ɗan fi haka faɗi, ki gwada da shi. Ƙananan maganaɗisu su fita daga gidan gaba ɗaya, domin biyu in aka haɗiye suna manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Batir mai kamar maɓalli in aka haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Fasasshen balan-balan ma yana toshe numfashi. Igiya kada ta wuce taki ɗaya na hannu, ƙyalle kuma kada a ƙulla shi a wuya. Wasan ruwa sai da babba a tsaye, ko da ruwan bai kai idon sawu ba.

Batun motsa jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su sami aƙalla minti 180 a yini, a rarrabe. Falanki mai mita 2 da faɗin santimita 20, a ƙasa da farko, daga baya a ɗaga shi kamar santimita 10, ya isa koyon tsayuwa daidai. Tsohuwar taya a wanke, a duba ko waya ta leƙo, a huda ƙasanta kada ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa.

Maman_Biyu:
Allah ya saka da alheri. Kwalin fa, ni zan yanka ƙofa ko su?

Malamar_Reno:
Ki fara cire filolin ƙarfe da salatif. Babban ya zana inda yake son ƙofa da taga, ke ki yanka da wuƙa suna nesa. Ki yanka gefe uku ki bar ɗaya, ya riƙa buɗewa yana rufewa. In ya fara laushi, ki buɗe shi a shimfiɗe su zana titi a kai.